Allon Karkatar da Sabis: Me Zai Tsinana wa Turawa?

Duk wanda ya tashi a gidan da ake murɗa rediyo da asuba ya san mita 16 da mita 19 da mita 25, ko da bai taɓa tambayar abin da ake aunawa ba. Tsawon igiyar rediyon ake faɗa, wato tazarar da ke tsakanin tudunta ɗaya da na gaba. Tun 1957 da BBC ta buɗe sashen Hausa, muryoyin da ke isowa ƙasar Karaye da Rogo ta gajeren zango ba a miƙe suke tahowa ba, domin duniya a lanƙwashe take. Sama igiyar take yi, ta daki wani rufi na iska mai ɗauke da cajin lantarki da ke can fiye da kilomita 100 daga ƙasa, shi kuma ya maido ta, ta sauka a wata nahiyar. Rufin nan ba ya shan dizal, ba shi da mai gadi, kuma ba ya ƙara wa igiyar ƙarfi ko miskala. Akalarta kawai yake juyawa.

Irin wannan aiki ne injiniyoyin sadarwa suke son yi da hannunsu yanzu, a jikin bango da taga da allon talla. Suna ƙera wani shimfiɗaɗɗen allo da zai tari igiyar da ta fito daga ƙarfen sabis, ya karkatar da ita zuwa lungun da ba ta shiga, ba tare da janareta ko batir ba. A yau da wuya a yi taro a kan 6G, tsarin wayar salular da ake sa ran fitowarsa wajen 2030, ba a ambaci allon nan ba. To mu da wutar lantarki ta zame mana ciwon kai, da jin an ce "ba ya buƙatar wuta" sai kunne ya tashi. Shi ya sa ya kamata a zauna a auna maganar da mudun gida, a ɗauki wuri kamar Turawa, ɗaya daga mazaɓun ƙaramar hukumar Karaye, a tambaya: idan allon ya iso, me zai canza?

Dalilin neman allon shi ne igiyoyin waya kullum gajarta suke yi. Lokacin da GSM ya fara aiki a Najeriya cikin Agustan 2001, zangon megahaz 900 na cikin waɗanda aka hau, igiyarsa kuwa ta kai santimita 33. Doguwar igiya irin wannan tana tafiya nesa, tana kewaya kwana, tana ratsa bango. A Disambar 2021 Hukumar Sadarwa ta Ƙasa, NCC, ta yi gwanjon zangon gigahaz 3.5 domin 5G, MTN da Mafab suka saya a kan dala miliyan 273.6 kowannensu. Igiyar wannan zangon ba ta cika santimita 9 ba. A Jafan da Amurka an kai har gigahaz 28, inda igiyar ta koma kusan santimita ɗaya. Ana hawa sama ne saboda a can fili yake, a can ake samun faɗin da zai ɗauki data mai yawa. Amma kowane hawa da kuɗinsa. Gajeriyar igiya ba ta da haƙuri: bango ya tare ta, ganyen darbejiya ya rage ta, ruwan sama ya cinye ta, har tafin hannun mai riƙe da wayar yana iya danne ta. A taron rabon zango na duniya da aka yi a Dubai a ƙarshen 2023, an amince a yi nazarin wasu zanguna a kewayen gigahaz 7 zuwa 8 da kuma wajen 15, a yanke shawara a 2027. Wato gaba ma hawan za a ci gaba da yi, kuma lungunan da sabis ba ya leƙawa za su ƙaru.

Hanyar da aka sani ta magance wannan ita ce a ƙara kafa ƙarafa. Kowane ƙarfe kuwa yana son fili da wuta da mai gadi da hanyar da za ta haɗa shi da uwar cibiya. Sai masana suka ce, maimakon a yi ta ƙara masu magana, me zai hana a gyara hanyar da maganar take bi?

Tunanin bai zama sabo ba. Farantin dish da ke kan rufin gidan kallon ƙwallo ƙarfe ne kurum, ba wutar da ke shiga jikinsa. Lanƙwasarsa ce take tattara raunanniyar igiyar tauraron ɗan'adam ta zuba ta a kan ɗan kan da ke gabansa, wanda shi ne mai cin wutar. Tun shekarun 1950 kamfanonin tarho a yammacin Amurka suke kafa manyan alluna na alminiyam a kan duwatsu, su karya igiya daga wannan kwari zuwa wancan, a wuraren da kai wuta ba zai yiwu ba. Matsalar ƙarfe zalla ita ce taurin kai. Da kusurwar da igiya ta same shi, da ita zai mayar da ita, ba ragi ba ƙari. In kana son ta nufi wani wajen, sai dai ka juya allon gaba ɗaya, bangon gini kuwa ba ya juyuwa.

A nan sabon allon ya sha bamban. Idan ka duba fuskarsa da kyau, za ka ga ɗaruruwa ko dubban ƙananan zane na tagulla, wasu zobe, wasu murabba'i, wasu kamar gicciye, an buga su a kan irin faifan da ke cikin rediyo ko waya. Kowane zane bai kai rabin tsawon igiyar da aka yi shi dominta ba. Idan igiya ta faɗo a kansa, yakan ɗan riƙe ta kafin ya sake ta, kuma tsawon riƙon ya dogara da girman zanen da siffarsa. Mai ƙira sai ya jera su da lissafi, na gefen nan ya saki da wuri, na kusa da shi ya ɗan jinkirta, na gaba ya fi shi jinkiri, haka har ƙarshen allon. Abin da ke biyo baya shi ne, a wata kusurwa guda tudun igiyar kowane zane yana haɗuwa da tudun ɗan'uwansa, ƙarfi ya taru. A sauran kusurwoyi kuwa tudu ya faɗa kan kwari, su kashe juna. Da haka allo yana manne a bango, bai motsa ba, zai tura igiya inda mai zanen ya ga dama. Zai iya tattara ta wuri guda, zai iya baza ta ta rufe layi sukutum, zai iya raba ta biyu. Kuma hanyar biyu ce: yadda ya kawo maka muryar ƙarfe, haka zai mayar wa ƙarfe taka. Tagullar ita ce dai wadda maƙera suka sani. Siffa da jeri ne suka ba ta halin da ba ta da shi, irin waɗannan kayan kuwa su ake kira metamateriyal.

Wani masanin Tarayyar Sobiyet, Victor Veselago, ya yi lissafi a ƙarshen shekarun 1960 a kan abin da zai faru in akwai abin da ke karya haske ta baibai. Lissafin ya kwanta kusan shekara talatin, sai John Pendry na Landan ya nuna yadda za a gina irin wannan abu da ƙananan zobba da wayoyi, David Smith da abokan aikinsa a San Diego suka ƙera shi a 2000. A 2006 aka yi wani gwaji a Jami'ar Duke inda aka sa igiya ta kewaye wani ɗan bututun tagulla kamar ba ya wurin, jaridun duniya suka ɗauka an gano layar zana. Ba a gano ba, domin a zango ɗaya tak abin ya yi aiki, kuma idon mutum yana ganin bututun sarai. Abin da ya fi wannan amfani ya zo a 2011, da ƙungiyar Federico Capasso a Harvard ta nuna cewa siririn shimfiɗi ɗaya ya isa a karkatar da igiya, ba sai an yi tubali mai kauri ba. A 2014 kuma Cui Tiejun na birnin Nanjin a ƙasar Sin ya fito da allon da ake sauya wa tsari da kwamfuta.

Daga nan allunan suka rabu gida biyu, kuma masu talla sukan cakuɗa su. Akwai wanda aka buga aka gama, ba waya ba batir, inda aka saita shi nan zai tura igiya har ya tsufa. Akwai kuma wanda aka saka wa kowane zane ɗan makunni na lantarki, domin ya riƙa bin mai waya duk inda ya nufa. Shi ma ba ya ƙara wa igiya ƙarfi, amma yana cin 'yar wuta, kuma yana buƙatar wanda zai riƙa faɗa masa inda zai juya. Nan fa ake yin ta, domin allon ba shi da kunne, bai san inda mai wayar yake ba, sai ƙarfen sabis ya yi ta gwaji yana aika masa umarni, gwajin kuwa yana cin lokacin da ya kamata data ta bi.

An gwada, kuma an ga aiki. A 2018 kamfanin NTT Docomo na Jafan ya kafa allo marar wuta a birnin Tokiyo a zangon gigahaz 28, gudun data a wani wurin da gini ya tare ya tashi daga megabit 60 zuwa 560 a daƙiƙa. Daga baya shi da kamfanin gilashi na AGC suka yi wani mai kama da leda, ana manna shi a taga ya tattaro igiya cikin ɗaki ba tare da ya tare haske ba. A 2020 masu bincike a jami'ar MIT ta Amurka suka lulluɓe bango da ƙananan eriya fiye da 3,000, ƙarfin sigina a cikin ginin ya ninka kusan sau goma. Sai dai a lura da inda aka yi duk waɗannan: tsakiyar birni, cikin ofis, ƙarfe yana kusa, sigina yana da yawa, gini ne kawai ya shiga tsakani.

Mai lambu a bakin madatsar Challawa, wadda aka kammala a ƙasar Karaye a farkon shekarun 1990, ya fi kowa sanin wannan magana. Yana iya sare magudana ya kai ruwa kowane fangali, amma in ruwan bai iso bakin gonar ba, ko ya kwana yana gyaran magudana yayyafi ɗaya ba zai samu ba. Allon nan magudana ne. Abin da ya faɗo a kansa shi yake rabawa, kuma abin da ke faɗowa ɗan kaɗan ne, domin igiya tana bazuwa tun daga bakin eriya, allon kuwa iyakar faɗinsa yake tara. Bayan ya juya ta, sai ta sake bazuwa a tafiya ta biyu. Asara biyu ke nan, kuma ba tara su ake yi ba, ninka su ake yi. A ɗauka tsakanin ƙarfe da gari kilomita 10 ne. In aka kafa allon a tsakiyar hanya, abin da zai isa garin ya gaza na allon da aka kafa mita 100 daga ƙarfen ko daga mai wayar da fiye da ninki 600. Saboda haka wanda yake tunanin jera alluna a daji suna miƙa wa juna sabis daga Karaye har Turawa, lissafi bai goyi bayansa ba. Abin da ke ceton allo shi ne girma, domin in aka ninka faɗinsa biyu ƙarfin da yake aikawa yakan ninka huɗu. Amma Emil Björnson na ƙasar Suwidin da abokan bincikensa sun nuna a 2020 cewa a yanayi da dama sai allo ya ƙunshi ɗaruruwan zane kafin ya kamo wata 'yar na'ura mai wuta da ke karɓar sigina ta maimaita shi. Ƙungiyar 3GPP mai tsara ƙa'idojin wayar salula ma, da ta zo sabunta 5G, na'urar maimaitawar ta fara shigarwa, ta ce allo ya dakata.

Sai kuma batun zango, wanda a ganina shi ne ya raba gardama game da karkara. Allo mai faɗin mita ɗaya da tsawon mita ɗaya, in za a jera zane a tazarar rabin igiya, zai ɗauki kimanin 35,000 a gigahaz 28, kimanin 500 a gigahaz 3.5, amma 36 kacal a megahaz 900. Ma'ana, a zangon da mutumin karkara yake samun sabis, allon sai ya kai girman bangon ɗaki kafin a ga tasirinsa. Abu mai wannan girma a filin Allah kuwa, iskar farkon damina da ke yaye kwanon makarantu tana jiransa, in ta goce shi kaɗan ya tashi aiki. Ga masu kwance ƙarafa su kai wa 'yan gwangwan. Wayoyin da ke aljihun mutane ma abin dubawa ne. Alƙaluman NCC na ƙarshen 2024 sun nuna fiye da kashi 40 cikin 100 na layukan ƙasar nan a kan 2G suke, 5G kuwa bai kai kashi 3 ba, shi ma a manyan birane.

Ciwon sabis a ƙauyukan yammacin Kano iri ɗaya ne da na sauran karkarar Arewa. Ƙarfe yana nesa. Wanda ke kusa ya cika da jama'a ranar kasuwa. In dizal ya yanke ko aka sace batir, gari ya yi tsit. Hanyar da ke haɗa ƙarfen da cibiya siririya ce, shi ya sa za ka ga sandunan sigina a cike amma saƙon banki ya ƙi tafiya. Wanda ya tsaya layin mai POS lokacin canjin kuɗi a farkon 2023 ba ya buƙatar a yi masa bayani. Ƙungiyoyin kamfanonin sadarwa suna cewa ƙarafansu na shan dizal fiye da lita miliyan 40 a wata, kuma tsadar aiki ce hujjar da aka bayar da NCC ta amince da ƙarin kashi 50 a kuɗin kira da data a Janairun 2025. Daga cikin matsalolin nan ba wadda allo zai taɓa. Maganinsu an san shi: ƙaramin ƙarfe mai aiki da sola, irin wanda Huawei da MTN suka fara gwadawa a karkarar Ghana a 2017, wayar fayiba da za ta iso hedikwatar kowace ƙaramar hukuma, kamar yadda gwamnatin tarayya ta yi alkawarin shimfiɗa kilomita 90,000, ko tauraron ɗan'adam ya ɗauki nauyin haɗin, tunda Starlink ya shigo Najeriya tun Janairun 2023. Akwai ma asusun USPF da dokar sadarwa ta 2003 ta tanada musamman domin wuraren da kamfani ba zai je da kuɗinsa ba. Wakilan Karaye da Rogo a majalisa, can ya kamata a riƙa jin ƙarar takalminsu.

Duk da haka ban ce a yar da allon ba. Akwai wata matsala da ta dace da shi, kuma tamu ce sosai: sabis yana tsakar gida amma ba ya cikin ɗaki. Rufin kwano yana mayar da igiya inda ta fito, katangar ƙasa mai kauri tana shanye ta, musamman da damina in ta jiƙe. Asibitin mazaɓa da ma'aikaciya take fita bakin titi ta aika rahoto, ajin kwamfuta a makarantar sakandare, rumfar mai POS a tsakiyar kasuwa, unguwar da wani dutse ko tudu ya yi wa shamaki alhali ƙarfe yana bayansa kaɗan, duk wurare ne da tafiya ta biyu gajeriya ce, lissafin kuma yana yarda. Abin da mutane suke yi yanzu shi ne sayen busta a kasuwa, na'urar da NCC ta yi gargaɗi a kanta saboda tana kumbura hayaniya tare da sigina, ta ɓata wa maƙwabta layi. Allo marar wuta ba ya kumbura komai, ko da yake shi ma bai san layin wane kamfani yake juyawa ba, don haka wata rana sai an yi masa ƙa'ida.

Inda zai fara cin kasuwa a jihar Kano shi ne birni. Kano tana cikin birane bakwai da MTN ya ambata da zai fara 5G a 2022. A shiga Kantin Kwari ko Kurmi ko Sabon Gari a ga layuka matsattsu, benaye suna kallon juna, kwano a sama, dubban 'yan kasuwa kowa da waya yana jiran alat. Sigina yana yawo a saman rufi, ƙasa kuma ana ɗaga waya sama. Wannan shi ne yanayin Tokiyo da kayan gida, kuma allon da aka manna a goshin bene zai iya zubo da igiya cikin layi ba tare da an nemi filin kafa ƙarfe ba.

Abin da ya fi ba ni sha'awa shi ne nau'in da ba ya cin wuta ba ya buƙatar masana'antar biliyoyi. Zane ne a kan faifai, ana lissafa shi da kwamfuta, a buga shi yadda ake buga faifan lantarki, har wasu masu bincike suna gwada buga shi da tawada mai ɗaukar lantarki a kan leda da takarda. Wannan bai fi ƙarfin sashen injiniyan lantarki na Jami'ar Bayero ko ta Ahmadu Bello ko ta Aliko Dangote da ke Wudil ba, ga kuma reshen Digital Bridge, cibiyar horarwa ta NCC, a cikin Kano. Gwaje-gwajen Jafan a kan gilashi da kankare aka yi su. Nawa katangar jar ƙasa take ci daga igiyar gigahaz 3.5 a watan Maris, nawa take ci a Agusta? Yaya allo yake aiki bayan ƙurar hunturu ta kwanta a kansa wata uku, ko bayan zafin bazara ya gasa faifan? Ba wanda zai zo daga Nanjin ya auna mana wannan. Ɗalibin digiri na biyu da na'urar awo da kuɗin mota zuwa Karaye zai iya, kuma sakamakonsa zai yi wa Maraɗi da Sakkwato amfani.

Hukuncina dai shi ne, allon karkatar da sabis gaskiya ne, yana aiki, kuma zai shigo tare da 6G ko kafin nan, amma kayan gyaran lungu ne a inda sabis ya riga ya wadata. Turawa da ƙauyukan Rogo ƙarfe suke buƙata tukuna, da sola a gindinsa da fayiba a bayansa. Duk ɗan takarar da ya zo neman ƙuri'a da zancen 5G ko 6G, a tambaye shi kilomita nawa ne zuwa ƙarfe mafi kusa, da wa zai biya kuɗin wutarsa.